Yadda Ake Daidaita Tazara a Figma da Ma'aunin 8

Ƙa'idar ba ta da wuya: kowace tazara a fuskar manhajarka ta zama ninkin 8, wato 8, 16, 24, 32, ana ƙirgawa da pixel (ɗigon allo). A kan wannan ma'auni Google ta gina tsarinta na Material Design da ta fitar a 2014.

Da farko, shiga Preferences a Figma, manhajar zana fuskar manhajoji, ka nemo Nudge amount, inda ake saita nisan da abu zai matsa in ka danna kibiya. Babban taku (Big nudge) yana zuwa a kan 10, mayar da shi 8. Daga nan in ka danne Shift tare da kibiya, abu zai matsa 8 cif. Masu tsallake wannan su ne ke yini suna gyara 13 da 17 da hannu.

Sai ka bar 16 a hagu da dama na allon waya, kada rubutu ya manne da baki.

Mataki na uku ne ke buƙatar natsuwa. Zaɓi abubuwan da ke tafiya tare, misali kalmar "Lambar waya" da akwatin da za a rubuta ta, ka danna Shift da A su shiga auto layout, tsarin da ke jera abubuwa da tazarar da ka sa. Tsakaninsu sa 8. Tsakaninsu da akwati na gaba kuwa 24. Ido yana ɗaukar na kusa da juna a matsayin 'yan gida ɗaya, don haka in tazara ta zama iri ɗaya ko'ina, mai cike fom zai rasa ko sunan na akwatin sama ne ko na ƙasa.

Wurin da yatsa zai taɓa kada ya gaza 48 tsawo da faɗi a Android, 44 a iPhone.

Daga ƙarshe buɗe zanen a wayarka, ka latsa kowane maɓalli da babban yatsa.