Shekaru bayan shanyewar ɓarin jiki: kurakuran da ke ƙara wa hannu da ƙafa rauni

Wanda ya shekara biyu ko uku da shanyewar ɓarin jiki, raunin da ke hannunsa da ƙafarsa ba duka ciwon ne ya kawo ba. Ciwon ya yi tasa ɓarnar tun ranar farko: jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, hanyar da saƙo ke bi zuwa tsoka ta lalace. Sauran raunin a gida yake taruwa sannu a hankali, kuma sau da yawa tausayi ne ke tara shi.

Babban kuskure shi ne ɗauke wa majinyaci komai. A ba shi abinci a baki, a saka masa riga, in ya yunƙura a ce, "Baba, zauna, bari in ɗauko maka." Niyya mai kyau ce, amma tsokar da ba ta aiki ramewa take yi, kitse ya ratsa ta. Ka dubi cinyar mai ciwon da ɗayar bayan shekara guda, idonka zai nuna maka. Har ɓarin da muke ce wa mai lafiya ƙarfinsa raguwa yake yi saboda yawan zama. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaƙwalwa tana koyon watsi da hannun. Mutum ya gwada ɗaukar kofi a makonnin farko ya kasa, ya koma ɗaya hannun, to ko motsi ya fara dawowa ba ya ƙara waiwayarsa. Binciken Edward Taub a Amurka ne ya fito da wannan fili, daga nan aka samo dabarar saka wa hannu mai lafiya safa na wasu awanni domin mai ciwon ya yi aiki dole. Tana amfani ga wanda yatsunsa da wuyan hannunsa suke ɗan motsi, kuma likitan fisiyo, wato mai gyaran motsin jiki da atisaye, shi ne zai tsara ta. A gida kuwa, a bar shi ya ɓalle maɓallin rigarsa ko da zai ɗauki minti goma, ya ja carbi da hannun, ya tashi daga kujera ya zauna sau goma, wani yana tsaye ta ɓarin mai ciwon.

Sai masu cewa an wuce wata shida, shi ke nan. Sauƙi ya fi gudu a wata uku na farko, haka ne, amma tsoka tana karɓar horo ko bayan shekaru. Ɗaga ɗan abu mai nauyi sau 10 zuwa 15, kwana biyu ko uku a mako, yana ƙara ƙarfi, kuma ba ya ƙara sanƙarewa kamar yadda aka daɗe ana tsoro.

Sanƙarewar ma tana ruɗar mutane. Hannu ya dunƙule, gwiwar hannu ta lanƙwashe, sai a ce ƙarfi ya dawo, a miƙa masa ƙwallo ya riƙa matsawa. Ai wannan hannun buɗewa yake buƙatar koya. In ba a miƙe shi kullum a hankali, tsoka gajarta take yi, gaɓa ta daskare a haka. Kada kuma a ja shi ta hannun wajen tayar da shi, domin tsokar da ke riƙe kafaɗa ta yi laushi, ƙashin yana iya gocewa. Gasawa da ruwan zafi da tsaga ba sa gyara abin da ya lalace a ƙwaƙwalwa, kuma fatar da ba ta ji sosai sai ta ƙone bai sani ba.

Abinci ma ana kuskure a kansa. Wanda haɗiya take yi masa wuya, sai a mayar da shi kan koko da shayi wata da watanni. Da me tsoka za ta ginu? Akwai alale, awara, ƙwai, kifi, nono, kunun gyaɗa mai kauri. Mai tari duk lokacin da ya sha ruwa kuwa a kai shi a duba haɗiyarsa.

Wani kuma a ce lalaci ne ya hana shi atisaye. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan larura suna faɗawa ciwon damuwa, ga gajiya mai nauyi da ciwon ke bari, kuma ita damuwar tana da magani. Ciwon suga yana kashe jijiyoyin ƙafa, wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna rage sinadarin fotasiyam jiki ya yi sanyi. A faɗa wa likita ya auna jini, kada a ajiye maganin da kai.

Duk wannan rauni ne mai zuwa a hankali. In kuwa farat ɗaya baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko hannun da jiya yake ɗagawa yau ya faɗi, a ɗauka ciwon ne ya sake bugowa, a nufi babban asibiti nan take ba tare da ɗura masa komai a baki ba. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.