Kurakuran da mata masu neman haihuwa ke ta maimaitawa

Na gaji da ganin mata a layin asibiti suna faɗawa ramin da na taɓa faɗawa.

Babban kuskure shi ne ki riƙa zaryar asibiti ke kaɗai, maigida yana kasuwa. Shekara uku na yi a haka. An ɗebi jinina, an yi min sikanin, an yi min hoton nan mai zafi da ake kira HSG don a ga ko bututun ƙwai a buɗe yake. Komai lafiya lau. Sai da wata likita ta ce ba za ta ƙara duba ni ba sai an auna maniyyin mijina, sannan aka gano ƙwayoyinsa ne suka yi ƙaranci. Awon nan ba allura ba yanka, sharaɗinsa kawai ya ƙaurace miki kwana 2 zuwa 7. Kusan rabin matsalar rashin haihuwa da hannun namiji a ciki. Kuma don ya haihu da uwargida ba hujja ba ce, jiki yana canzawa. Ki lallashe shi cikin sirri, kada ki kai maganar gaban danginsa.

Sai shan Clomid daga kemis. Haba 'yar'uwa! Maganin nan na wadda ƙwanta ba ya fita ne. In bututu ya toshe, ko matsalar ta maigida ce, ko kwali goma kika sha a banza. Likitoci galibi ba sa wuce wata 6 da shi, kuma suna bin sa da sikanin. Ni wata takwas na sha bisa shawarar maƙwabciya, na ƙare da ƙullutu a ma'ajiyar ƙwai da ciwon marar da ya hana ni barci. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Matsin gargajiya, musamman mai kanwa, yana ƙona gaba, ki bar shi. Kada ki zauna jira: shekara ɗaya ba ciki ki je asibiti, in kin kai 35 wata shida ya isa. Ki fara shan folik asid tun kafin cikin ya shiga.

Ni littafi nake ajiyewa na musamman. Ranar da al'ada ta zo da ranar da ta ɗauke, sunan kowane magani, da takardun awo duk a ciki suke. Duk likitan da na je wurinsa shi nake fara miƙa masa, don kada a sa ni sake biyan kuɗin awon da na riga na yi.