Jini a fitsari, toshewar fitsari da tsakuwa: wanne ke iya jiran gobe, wanne ba ya jira

A garuruwan noman rani irin su Kura, Kadawa, Bunkure da Auyo, ganin jini a ɗigon ƙarshe na fitsarin yaro ba baƙon abu ba ne, har wasu iyaye suna ɗauka alamar balaga ce. Tsargiya ce. Tsutsarta tana girma a cikin ƙananan dodon koɗi na hanyoyin ruwa da kududdufai, ta fito ta huda fatar mai wanka, masunci ko mai dashen shinkafa. Daga nan sai ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai, kuma ƙwan nan ne ke yi wa bangon mafitsara rauni.

A kai fitsarin yaron asibiti, wanda aka tara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, har da ɗigon ƙarshe, domin a lokacin ƙwan ya fi fita. Maganin shi ne praziquantel, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki, sha ɗaya. Ƙwaya guda miligiram 600 ce, saboda haka yaro mai kilo 30 ƙwaya biyu zai sha, mai kilo 45 kuma uku. A sha bayan an ci tuwo ko an sha koko mai kauri, don idan ciki wayam ne yana kawo jiri da murɗa. Abu biyu ke sa a ce magani bai yi ba: ba ya kashe tsutsar da ba ta gama girma ba, sannan yaro yakan koma ruwan da ya ɗauko ta. Shi ya sa ake sake gwaji, kuma shi ya sa bai kamata a hana yara karɓa ba idan aka zo rabo a makaranta. Tsargiyar da aka bari shekara da shekaru tana toshe hanyar ƙoda, tana kuma iya kaiwa ga sankarar mafitsara. Babba da ya wuce 40 kuwa, idan ya ga jini ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, kada ya tsaya a kan praziquantel. Sai an yi masa hoton mafitsara.

Sai dattawa. Baba ya fara tashi sau uku ko huɗu cikin dare, ya daɗe a tsugune kafin fitsari ya zo, ya fito siriri, ya gama ya ji da saura, alwala ta ƙi riƙuwa. Yawanci furostet ne ya kumbura. Wata tsoka ce a ƙasan mafitsarar namiji wadda bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarta, in ta girma sai ta matse shi. Likita zai taɓa ta da yatsa ta dubura, ya sa a yi gwajin jini na PSA, don a bambance kumburin tsufa da sankara. Kada kunya ta hana wannan dubawar, minti ɗaya ce. Ana ba da tamsulosin miligiram 0.4 sau ɗaya a rana, kuma yana iya sa jiri idan aka miƙe da sauri, don haka a ɗan zauna a bakin gado tukuna. Finasteride kuwa, wani maganin furostet ɗin, yakan ɗauki kamar wata 6 kafin a ga amfaninsa, kada a ajiye shi bayan mako biyu.

Ranar da fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura ta yi tauri, ba a jiran gari ya waye. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo wai don ya turo, ƙara wa mafitsara kaya ne. A tafi asibiti mafi kusa a sa masa roba, wato siririn bututu da ake zurawa har mafitsara don fitsari ya fita. Maganin mura, tramadol da taurin bayan gida suna cikin abin da ke jawo wannan tsayawar. In an dawo gida da roba, jakar da fitsarin ke zuba a ciki ta zauna ƙasa da mara koyaushe, ko a kwance ko a kan babur, don kada fitsari ya koma ciki da ƙwayoyin cuta. A zubar kafin ta cika, a wanke wurin da robar ta shiga da ruwa da sabulu kullum. Kada kowa ya ja ta: akwai ɗan balan-balan mai ruwa a ciki da ke riƙe ta, fizge shi yana yaga bututu. A koma ranar canji, yawanci bayan mako 4 idan roba ce ta yau da kullum. Matashi mai matsalar toshewar fitsari, sau da yawa tabon ciwon sanyin da ba a gama maganinsa ba ne ya tsuke masa hanya.

Tsakuwar ƙoda ta fi tashi da bazara: ciwo mai tsanani daga kwiɓi zuwa mara, da amai. Wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci tana fita da kanta. Mai aikin gona ya sha kamar lita 3 a yini, wato ledar fiya-wata guda 6, har fitsari ya yi fari-fari. Da azumi a raba tsakanin buɗa-baki da sahur. Idan zazzaɓi ya haɗu da ciwon, asibiti a ranar.

Yaro ko saurayi da maraininsa ɗaya ya kama ciwo farat ɗaya, har da amai, a ɗauka murɗewa ya yi. Jini ya daina isa gare shi, kuma bayan kamar awa 6 ceto shi yana wuya. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a ba shi abinci, tiyata ce za a yi.

Mace mai yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, ana ɗinke shi. Akwai sashen wannan aiki a babban asibitin Jahun da asibitin Murtala a Kano. In an je da wuri, ƙaramin rami yakan rufe da roba kaɗai ta 'yan makonni.