Hanyar da mace ke bi ta kai ga shugabancin babban kamfanin kiwon lafiya

Ba sai kin zama likita ba. Karen Lynch, wadda ta shugabanci kamfanin shagunan magani da inshorar lafiya na CVS Health a Amurka daga 2021 zuwa 2024, akanta ce tun asali. Emma Walmsley ta yi shekara 17 a kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal kafin ta shiga kamfanin haɗa magani na GSK a Ingila a 2010, aka ba ta ragamarsa a 2017. Digirin farko ƙofar shiga kawai yake buɗewa. Abin da hukumar daraktoci ke tambaya ranar zaɓen shugaba shi ne, wane sashe kika riƙe da riba da asararsa suka rataya a wuyanki?

A nan mata da yawa suke maƙalewa. Ana yawan tura su sashen kula da ma'aikata, ko na shari'a, ko na hulɗa da jama'a. Muƙamai ne masu daraja da albashi mai kauri, amma ba su kawo kuɗin shiga, don haka da wuya a ɗauko shugaba daga cikinsu. Tun cikin shekara goma na farkon aikinki ki nemi a damƙa miki wani yanki, ko wani rukunin magunguna, ko asibiti guda, ko da ƙarami ne kuma yana tangal-tangal. Ƙaramin sashen da kika fitar daga asara ya fi babban muƙamin ba da shawara amfani a takardunki. Lynch ta riƙe kamfanin inshorar Aetna daga 2015, Walmsley ta riƙe sashen magungunan da ake saya ba da takardar likita ba, Gail Boudreaux kuma ta shugabanci kamfanin inshorar UnitedHealthcare kafin takwaransa Anthem, wanda yanzu ake kira Elevance Health, ya ɗauke ta a 2017. A kamfanonin haɗa magani akwai wata hanyar ta ɓangaren gwaji: Reshma Kewalramani likitar ƙoda ce, ita ce babbar jami'ar lafiya ta Vertex kafin ta zama shugabarsa a 2020.

Sai ki san lissafin da ke tayar da kamfanin ko ya kayar da shi. A inshorar lafiya, shi ne kason kuɗin da masu inshora suka biya wanda ake kashewa wajen yi musu magani. Dokar Amurka ta 2010 ta ce kada ya gaza kashi 80 cikin ɗari ga ɗaiɗaikun mutane da ƙananan ma'aikatu, da 85 ga manya, in ya gaza a mayar wa mutane rarar. Ke nan filin riba ɗan siriri ne. Kamfanin da ke karɓar dala biliyan 100 a shekara, in kason ya ƙaru da kashi ɗaya tak cikin ɗari, biliyan guda ta tafi. Matsalar ita ce ana tsayar da farashi tun kafin shekara ta kama. Idan mutane suka yi ta zuwa asibiti fiye da yadda aka yi hasashe, babu damar ƙara farashi sai baɗi. Irin wannan hauhawar kuɗin magani a Aetna, wanda ke ƙarƙashin CVS, na cikin abin da ya girgiza CVS ɗin a 2024, aka sauya shugaba a watan Oktoba. Saboda haka ki riƙa zama da masu lissafin haɗari kowane wata, ki nemi su nuna miki kuɗin jinyar da aka riga aka yi amma takardun biyansa ba su iso ba tukuna, domin a can ɓarna take ɓuya.

A kamfanin magani kuwa agogo ne abin lura. Kariyar mallakar fasaha, wadda ke hana wasu kwaikwayon sabon magani, shekara 20 ce daga ranar shigar da takarda, gwaji yana cinye kaso mai yawa a ciki, kuma kusan ɗaya cikin goma ne na magungunan da aka fara gwadawa a jikin mutane ke samun izinin sayarwa. Ki san shekarar da kariyar kowane babban maganinku za ta ƙare, da abin da zai maye gurbinsa.

Mai ba ki shawara daban, mai tsaya miki daban. Na biyun shi ne babban da zai ambaci sunanki a zaman da ba kya ciki, kuma aikin da kika yi masa ya gani da idonsa ne ke jawo shi. Ki nemi damar gabatar da rahoton sashenki gaban daraktoci da bakinki, ki kuma saba da amsa tambayoyin masu zuba jari, tunda duk wata uku shugaba ke fuskantarsu.

In tayin ya zo, kada murna ta hana ki bincike, don sau da yawa sai kamfani ya shiga ruwa ake neman sabuwar fuska. Rosalind Brewer ta bar kamfanin kofi na Starbucks ta karɓi ragamar kamfanin shagunan magani na Walgreens a 2021, ta sauka a 2023. Ki tambayi yawan bashin da ke kan kamfanin da ƙararrakin da ke kotu, ki ji ko tsohon shugaba zai ci gaba da zama a hukumar daraktoci, sannan a rubuta miki ikon zaɓar babban jami'in kuɗinki da sharuɗɗan sallama kafin ki sa hannu.