Yadda Mai Borin Jini Zai Ci Abinci a Gidajen Abinci Masu Rassa

Akwai mutanen da loma ɗaya ta gyaɗa, ƙwai, madara, kifi ko jatan lande ta isa ta tayar musu da borin jini. Jiki ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, wani lokaci maƙogwaro ya toshe cikin 'yan mintoci. A gida da sauƙi, domin mai girki ta san abin da ba ta sawa a tukunya. Wahalar tana waje, ranar da tafiya ta kama zuwa Abuja ko Legas, ko yara suka matsa a kai su Chicken Republic, KFC, Domino's ko Mr Bigg's da yammacin sallah.

Irin waɗannan gidaje suna da fa'idar da mai tuwon bakin tasha ba ta da ita: girkinsu a rubuce yake, kayan haɗin kuma yawanci a leda ko kwali suke zuwa, da bayanin abin da ke ciki. Wato idan ka yi tambaya, akwai inda za a duba a ba ka amsa. Sai dai kicin ɗinsu gaggawa ake yi, hannu ɗaya yana taɓa abinci iri-iri. Ga yadda za ka bi.

Fara da likita

Wanda madara ke kumbura wa ciki daban, wanda madara ke shaƙe wa numfashi daban. Na farko zai sha wahala ya warke, na biyu rayuwarsa ce a kan layi. Likita ne zai tantance wanne ne naka, ya kuma rubuta maka allurar adirenalin idan kana bukata, irin wadda mutum ke yi wa kansa, kamar EpiPen. Mai asma ya ƙara kula, domin borin yakan fi tsanani a wurinsa. Ranar da ka manta allurar a gida, ka haƙura da cin abinci a waje.

Yi bincike tun kana gida

Manyan kamfanoni da yawa suna sa jadawalin abin da ke cikin kowane abinci a shafinsu na intanet. Amma ka tabbata na ƙasar da kake ne, domin suna ɗaya ba ya nufin fulawa ɗaya ko mai ɗaya. Jadawalin reshen Landan ba hujja ba ne a Abuja.

Masu tafiya waje su san haƙƙinsu. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, tun watan Disamba na 2014 doka ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da suka fi tayar da bori. A Amurka manyan guda 9 ne, riɗi ne na ƙarshen shiga a Janairun 2023. Riɗin nan da muke yi wa kallon abin ƙwalama shi ya yi ajalin Natasha Ednan-Laperouse, 'yar shekara 15, a 2016, bayan ta ci burodin da ta saya a reshen Pret a Manger na filin jirgin Heathrow, ledarsa ba ta ambaci riɗi ba. Dalilinta ne aka tsaurara dokar a Birtaniya a Oktoban 2021. Mai gudun gyaɗa kuma ya sani cewa gidajen abincin Five Guys da man gyaɗa suke soya dankalinsu.

Je lokacin da babu cunkoso, ka nemi manaja

Da rana tsaka ko bayan magariba, layi ya yi tsawo, ba wanda zai tsaya ya karanta maka bayan kwali. Je da hantsi ko bayan la'asar. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ba ita ke girki ba, kuma sau da yawa za ta ce maka “babu” da zuciya ɗaya alhali ba ta sani ba. Nemi manaja ko babban mai girki.

A nan ne kunya ke cutar da mu. An raine mu a kan cewa bin diddigin abinci rashin tarbiyya ne, musamman idan wani ne ya gayyace ka kuma shi zai biya. Ajiye wannan a gefe. Kada ka ce “ba na son gyaɗa”, domin za a ɗauka tsirfa ce, a tsince wadda ido ya gani a miƙo maka. Ka ce: “Malam, don Allah a taimaka. Yaron nan ko ƙurar gyaɗa ya ci sai mun kwana a asibiti. A duba mana kwalin kayan haɗin kazar nan.” Rubuta wannan a ɗan kati da Turanci, da Larabci ma idan Umara ko Hajji za ka, don a shigar wa mai girki ya karanta da idonsa.

Tambayoyin da suka fi muhimmanci

Na farko, mai. Wane iri ne, kuma me da me ake soyawa a cikinsa? Dankali ba shi da laifi, amma idan a kaskon da aka soya kifi ko jatan lande aka tsoma shi, ya zama haɗari. Mahajjata su tuna da wannan a Al Baik, inda ake sayar da kifi da jatan lande tare da kaza. Zafin wuta ba ya kashe abin da ke tayar da borin gyaɗa. Man gyaɗar kamfani da aka tace sosai bai cika tayar wa mutane ba, amma namu na gargajiya da mata ke matsewa a gida yana ɗauke da shi, don haka kalmar “man gyaɗa” kaɗai ta isa ka dakata.

Na biyu, yaji. Duk abin da aka raɗa wa sunan tsire ko suya, ko kaza ce ko fiza ko shawarma, ka ɗauka akwai ƙuli-ƙuli a yajinsa har sai an nuna maka babu.

Na uku, abin da ido ba ya gani. Niƙaƙƙen busasshen jatan lande yana shiga dafa-duka, alale da miyar ganye a girkin kudu. Mayonis da ƙwai ake yinsa, shi ne kuma a cikin haɗin kabeji. Ana shafa ƙwai a bayan mitfai don ya yi sheƙi. Kwaɓin da ake tsoma kaza kafin suya na fulawa ne, wani da madara ko ƙwai. A wurin ayis kirim kamar Cold Stone, kan dutse ɗaya mai sanyi ake cakuɗa na kowa, har da mai gyaɗa, saboda haka ka ce a ɗebo maka da wankakken cokali ba tare da an ɗora a dutsen ba, in hakan ba zai yiwu ba ka bar shi.

Idan amsar ta zama “ina jin babu”, tashi. Lemon kwalba da ledar biskit da ka karanta bayanta sun fi.

Yi oda mai sauƙi, ka duba kafin ka ci

Farar shinkafa da gasasshiyar kaza marar romo sun fi abinci mai haɗi goma aminci. Roƙi a canza safar hannu da maɗauki. Goge teburin yaro da tsumma mai jiƙa, a wanke hannu da sabulu, domin man tsaftace hannu na kwalba ba ya cire gyaɗa. Idan an kawo da kuskure, sabo za a yi, ba tsincewa ba. Oda ta waya a kawo gida ta fi haɗari, tunda saƙonka ba lallai ya isa kicin ba. Kuma ko ka saba cin abu a wani reshe, sake tambaya, don ana canza kayan haɗi ba tare da sanarwa ba.

Idan borin ya taso

Da zarar murya ta shaƙe, harshe ya kumbura, numfashi ya fara fito ko jiri ya kama mutum, a yi allurar nan take a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando ne. Piriton ƙaiƙayi yake ragewa, ba ya buɗe maƙogwaro. Manja ko madara da wasu ke ɗura wa mutum ɓata lokaci ne, yana ma iya shaƙe shi. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi wuya a zaunar da shi, kada a bari ya miƙe ya yi tafiya. A kira 112 ko a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa. Bayan minti 5 in babu sauƙi, a yi allura ta biyu, shi ya sa ake yawo da guda biyu. Ko ya warware sarai sai likita ya gan shi, domin borin yana iya dawowa bayan wasu sa'o'i.