Wuya ya riƙe ka? Ga shirmen da muke tafkawa kafin ya saki

Duk wanda wuya ya taɓa riƙewa ya san inda ake fara ganewa, wajen sallame sallar asuba ne, ka juya dama lafiya lau, ka zo juyawa hagu sai ka ji kamar an soka maka allura daga bayan kunne har cikin kafaɗa, ƙarshe da kafaɗun gaba ɗaya za ka yi sallamar. Ni ya same ni ya fi a ƙirga, mafi muni shi ne ranar da na yi barci a kujerar baya ta mota daga Kaduna har Kano kaina na rataye a jikin gilas, kwana uku in an kira ni sai na juyo da jikina duka kamar an ɗaura min sanda.

Abin da ke faruwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ƙasusuwa bakwai ne a wuya, kan babban mutum kuma ya kai wajen kilo biyar, naman da ke bayan wuya da gefensa shi ke riƙe da wannan nauyin yini guda. In ka bar shi a karkace na awanni, ko a barci, ko tela a kan keke, ko mace an duƙar da kanta ana kitso tun hantsi har la'asar, ko mai ɗaukar kaya a ka, sai naman ya ɗaure ya ƙi saki. Damuwa ma tana sa shi, don mai tunani kafaɗunsa a ɗage suke bai ma sani ba. Yawanci cikin 'yan kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu yake warwarewa da kansa, mu ne dai ba mu da haƙuri.

Shirmen farko shi ne neman wanda zai "ƙwaƙ" da wuyan. A shagon aski an gama maka gyaran fuska sai yaron ya kama haɓarka da ƙeyarka ya murɗe, ka ji ƙas, kowa ya ce yauwa ya koma. Babu abin da ya koma wallahi, don babu abin da ya goce tun farko, ƙarar daga ruwan da ke cikin gaɓa take fitowa irin ta yatsu in an ja su. Naman da ya ɗaure kuma ka fizge shi da ƙarfi ƙara ɗaurewa yake yi. Sannan akwai jijiyoyin jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya suna kai jini ƙwaƙwalwa, ba kasafai ba ne amma ana samun wanda murɗar ke yaga masa bangon jijiyar har ta kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ka ce masa na gode, aski kawai na zo.

Wasu kuma can ɗaya gefen suke faɗawa, su kwanta kwana biyu ba motsi, ko su je su sayo abin nan da ake naɗa wa masu haɗari a wuya su maƙala. Shi naman nan motsi yake so, in ka daskarar da shi sai ya ƙara sandarewa. Ka ci gaba da harkarka, kana juya kai a hankali dama da hagu har inda zafin ya fara sai ka tsaya, ka kai kunne wajen kafaɗa, ka ɗaga kafaɗu ka sake su, kaɗan kaɗan sau da yawa a yini ya fi ka yi da yawa lokaci ɗaya. Tuƙi ne kawai zan ce a haƙura, wanda ba ya iya waiwaye ba shi da abin yi a kan babur ko a sitiyari.

Sai haɗin kyamis. Ka je ka ce wuyana ne, a zubo maka ƙwayoyi biyar a leda babu suna babu komai, ja da fari da ruwan ɗorawa, a ce sha yanzu sha da dare. Sau da yawa in ka bincika za ka ga diclofenac da ibuprofen da piroxicam a ciki, alhali duk dangi ɗaya ne, shan biyu tare ba ya ƙara sauƙi, ciki da ƙoda kawai yake ci, wani lokacin har da dexamethasone a ciki wanda ba shi da hurumi a nan sam. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu su kam kada su taɓa dangin ibuprofen sai likita ya ce. Parasitamol ya wadatar wa mafi yawan mutane, babba ƙwaya biyu ta 500, kada ya wuce sau huɗu a yini, kuma a tuna Panadol shi ne parasitamol ɗin, na ga wanda ya sha duka biyun wai don ya fi kamawa. Taramol kuwa ko a kyauta aka ba ka kada ka karɓa don wuya.

Gashi da ruwan ɗumi yana aiki sosai, tawul a ruwa mai ɗumi a matse a ɗora minti 15 zuwa 20, wani kuma ƙanƙara a cikin tsumma ce ta fi yi masa, duk wanda ya karɓe ka shi ne naka. Tausa mai laushi da man kaɗanya ko man zafi ma babu laifi. Inda ake ɓata abin shi ne a lafta Aboniki ko Robb sannan a bi da tafasasshen ruwa a kai, fata ta saluɓe, ka tashi da ciwo biyu. Ɗaya za ka zaɓa a lokaci guda. Ƙaho fa? Akwai masu cewa suna jin sauƙi bayan an yi musu, ban musa ba, amma in za a yi tsaga to reza sabuwa a gabanka za a ɓare ta, ciwon hanta ta wannan hanyar yake shiga mutane. In ya wuce mako biyu bai saki ba ko yana ta dawowa, sashen gashin ƙashi na asibiti ya kamata ka nema, su ne aikinsu.

Yanzu babban kuskuren, wanda shi ne ya sa ma na zauna rubutun nan. Mu a nan yankin riƙewar wuya ba kullum ce ta filo ba, muna cikin ƙasashen da sanƙarau ke zagayowa duk rani, daga lokacin hunturu da ƙura har zafin bazara kafin ruwa ya sauka. A 1996 sama da mutum dubu 11 ta kashe a Najeriya, Kano na cikin inda abin ya fi muni, a 2015 ta addabi Yamai, a ƙarshen 2016 kuma ta ɓarke daga Zamfara, a 2017 ta bazu Sakkwato da maƙwabta. Kuma tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. To sai ka ga yaro ya ce wuyansa da kansa, jiki zafi rau, a ce ai kwanciya ce ba daidai ba ko maleriya ce, a shafa man zafi a ba shi maganin zazzaɓi a ce bari mu ga gobe. Goben nan ita ce matsalar.

Wuyan kwanciya ba ya zuwa da zazzaɓi, mutum yana cin abinci yana hira, waiwaye gefe ɗaya ne dai ke ba shi wahala. Na sanƙarau kuwa sunkuyar da kai ne ke gagara, haɓa ta ƙi kaiwa ƙirji, ga zazzaɓi, ga ciwon kai mai tsanani, amai, ido ba ya son haske, mutum ya fara sambatu ko barci mai nauyi ko jijjiga. Jariri ma ba lallai wuyan ya nuna ba, sai dai ya ƙi nono, kuka mai ƙara ba tsayawa, maɗiga ta kumbura. Ba sai alamomin sun cika duka ba, riƙewar wuya da zazzaɓi kawai sun isa a nemi mota ko da ƙarfe biyun dare ne, allurar asibiti ce maganinta kuma awanni ake ƙirgawa. Rigakafi ma akwai, a 2024 Najeriya ce ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar, in sun zo unguwa a fito da yara.

Haka wanda ya faɗo daga babur ko mota ta buge shi ya ce wuyana, don Allah a daina cicciɓarsa kai na reto ana cusa shi a adaidaita, a riƙe kan yadda yake a kwantar da shi a kan abu mai ƙarfi. Kuma in hannu ya fara mutuwa ko ƙarfinsa ya ragu, ko ƙafa na harɗewa, ko fitsari na ƙwacewa, ko zafin ya haɗo da ƙirji da muƙamuƙi da gumi, wannan ya wuce tawul da man zafi.

Na ƙarshen shi ne wanda ni ma har yau nake fama da shi, wuya ya saki sai mu koma kan abin da ya jawo shi. Filo biyu a jere, ko hannun kujera a falo, ko rub da ciki kai a murɗe gefe har safe, ga waya a cinya an duƙa mata awa uku. Filo ɗaya ake so wanda in ka kwanta ta gefe zai cike tsakanin kunnenka da kafaɗa, kai bai ɗaga ba bai kuma rafka ba. Wayar a ɗago ta kusa da fuska, mai aikin zama kuma ya riƙa miƙewa duk bayan rabin awa ko da ruwa ne ya je ya sha. Ni dai yanzu in zan hau motar Kano sai na naɗe ƙaramin tawul na sa a jaka, 'yan mota su yi ta kallona.