Ga masu zuwa Elmina, garin bakin teku a ƙasar Gana, da mota daga Sakkwato

'Yan uwa, kafin ku tashi ku tanadi fasfo, katin allurar shawara, da inshorar ECOWAS ta mota, wadda ake kira Brown Card. Rashinsu shi ke tsai da mutum a iyakar Aflao, tsakanin Togo da Gana. Benin da Togo sefa suke ci, Gana kuma sidi. Ku canza kaɗan kaɗan.

A Elmina akwai ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda aka tsare bayi. Ku shiga da safe kafin rana ta yi zafi. Masallaci da abincin halal, ku nemi zango.

Don Allah kada ku shiga teku, igiyar ruwan tana jan mutum ciki. In kun dawo, a wanke ƙarƙashin mota, gishirin iskar gaɓa yana kawo tsatsa.